Wane asusun banki ya dace da kuɗin wakafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya yi wakafi da shaguna uku a Tudun Wada tun yana raye domin tallafa wa marayu, kuma mu huɗu ya danƙa wa amanar. Har yanzu kuɗin haya suna shiga asusun babban yayanmu ne. Wane banki za mu zaɓa, kuma wane irin asusu? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wadan Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan baba, ya karɓi wannan sadaka mai gudana. Kafin a zo kan sunan banki, abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne inda kuɗin suke kwana a yanzu. Ba na zargin yayanku da komai, amma duk kuɗin da ke asusun mutum, a wurin banki nasa ne, kuma ranar da ta Allah ta kasance za a rufe asusun har sai magada sun kawo takardar kotu. Na taɓa zama a wani zaure a cikin birni inda aka kwashe yini guda ana bin takardar bayanin asusun wani mamaci layi bayan layi da jan biro, ana ƙoƙarin tantance kuɗin marayu daga kuɗin cinikinsa na hatsi, aka tashi ba a gama ba, zukata kuma sun ɓaci.

Saboda haka matakin farko shi ne wakafin ya samu sunan kansa. Ku yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wadda ta tanadi a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan haka banki zai nemi takardar rajistar, da tsarin mulkin gidauniyar, da lambar haraji, da shaidar SCUML, wato sashen hana halasta kuɗin haram na hukumar EFCC, da BVN da NIN na duk mai sa hannu, da kuma rubutaccen ƙudurin zaman da kuka amince a buɗe asusun.

Wurin sa hannu ne nake so ku tsaya da kyau. Ku rubuta wa banki cewa ba za a fitar da ko kwabo ba sai mutum biyu daga cikinku sun sa hannu, kuma ku tambayi ma'aikacin da ke gabanku ko wannan sharaɗi yana aiki a manhajar waya da intanet, domin sau da yawa ana tsare takardar cak da sa hannun mutum biyu alhali an bar wayar mutum ɗaya tana iya tura komai da tsakar dare. Bankin da ke da tsarin da ɗaya zai shigar da biya, wani daban ya amince kafin kuɗin su fita, shi ne naku. Saƙon shiga da fitar kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayar wanda ba shi ne ma'aji ba.

Game da banki kuwa, tunda dukiyar wakafi ce, na fi karkata ga waɗanda ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ na 2019, da Lotus na 2021. Idan wani bankin ya fi muku kusa, asusun karant ya wadatar, sai dai ku sani ana iya cire kuɗin kula da asusu a kan kuɗin da kuka fitar, don haka ku nemi rangwame a rubuce a matsayinku na gidauniyar jinƙai. Ku je reshen da kanku, ko a unguwar PZ ne ko a Sabon Gari, ku ga yadda ake karɓar mutane, domin duk lokacin da za ku sauya mai sa hannu sai kun taka ƙafa.

Ina ba ku shawarar asusu biyu: ɗaya na hidimar yau da kullum kamar kuɗin makaranta da magani, ɗaya kuma na ajiyar gyaran shaguna, wanda za a iya sanya shi a tsarin mudaraba, wato banki ya juya kuɗin ku raba riba. Ku kuma tuna cewa idan banki ya durƙushe, iyakar abin da hukumar inshorar ajiya ta NDIC ke biya shi ne naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki (microfinance). Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, masu abin da ya haura miliyan 5 sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Idan ajiyarku ta doshi miliyan 5, ku buɗe asusu na biyun a wani banki daban, sannan ku rubuta wa masu haya sabuwar lambar asusun tare da sanar da su cewa daga ranar ba a karɓar kuɗin haya a hannu.