Yaya zan nuna musu layin kod ɗin da nake nufi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Samaru, mu uku muke aikin kammala karatu, kod ɗinmu yana GitHub, shafin da masu rubuta manhaja suke ajiye kod ɗinsu. Ɗaya tana Tudun Wada, ɗayan yana Sabon Gari. In na ga kuskure sai in ɗauki hoton allon kwamfutata in tura ta WhatsApp, su yi ta laluben wurin. Shin babu yadda zan tura musu layin kai tsaye daga tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni?

AMSA: Ƙanwata, akwai, kuma don Allah ki bar hoton nan. Kwafar rubutu daga hoto wahala ce, rabinsa ma hasken taga ya cinye.

GitHub yana gane lambar layi a ƙarshen linki. Ki ƙara #L42, zai buɗe fayil ɗin ya haska layi na 42. In daga 42 zuwa 50 ne, #L42-L50. Ba sai kin haɗa da hannu ba. Ki saka manhajarsu ta gh, ki shiga foldar aikin, ki rubuta gh browse app.py:42 -n (a gurbin app.py ki sa sunan fayil ɗinki, a gurbin 42 lambar layin). Wannan -n ɗin shi ke hana ta buɗe burauza, sai ta zubo miki linkin a tamina, ki kwafa ki tura.

Amma ga inda nake so ki tsaya da kyau. Linkin da ke ɗauke da sunan reshe, wato sigar kod ɗin da ake ci gaba da canzawa, kamar main, ba ya zama wuri ɗaya. Ni ma ya taɓa cina. Na tura wa abokin aikina layi na 87 bayan isha'i, cikin dare wani ya ƙara layuka goma sha biyu a saman fayil ɗin. Da asuba ya buɗe, 87 ya koma kan wani abu daban, ya gyara abin da lafiyarsa ƙalau. Sai da na hau acaɓa daga Kongo na same shi, muka zauna gaban kwamfuta ɗaya, sannan muka gane abin da ya faru.

Maganin shi ne ki ɗaure linkin da lambar komit, wato lambar da ake ba kowane canjin da aka adana a kod ɗin. Ki rubuta git rev-parse HEAD, zai ba ki doguwar lamba mai alama 40. Ita za ki sa a gurbin main a cikin linkin, ko ki ƙara wa gh browse ɗin --commit. Ko da an sake fayil ɗin gaba ɗaya, linkin zai nuna shi yadda yake ranar da kika tura. A burauza kuwa, danna harafin y kawai yake yin wannan aikin.

Ki tabbatar kin yi git push tukuna, wato kin tura komit ɗin zuwa GitHub. In komit ɗin bai bar kwamfutarki ba, 404 za su gani, wato ba a samu shafin ba. Haka ma wanda ba ku ba izinin shiga ba, in ma'ajiyar taku a rufe take.