Yanke ƙofa a saman injin tsohuwar Kombi

Malam, kana tambaya ko za a iya yanke daɓen bayan Kombinka ta 1970 a yi ƙofa ta sama, don ƙaramar ƙofar baya ta ishe ka da durƙuso duk sanda za ka taɓa kabureta. Ana yi, kuma yana biyan buƙata. Volkswagen da kansu sun sa irin wannan murfi a Kombi samfurin T3 da ta fito 1979. In ka samu wadda ta mutu a wurin 'yan gwangwan, ka yanko murfin haɗe da bakinsa, ya fi wanda za a ƙera maka zama daidai.

Sharaɗin dai shi ne tankin mai. Yana nan gaban injin, bayan wani faifan ƙarfe, dab da inda za a yanka, don haka a sauke shi kafin mai walda ya kunna wuta. Kada kuma ka yarda a bar ramin haka: a kewaye shi da ƙarfe, a sa roba mai kama murfin gam. Na ga wadda aka yi wa aikin ba roba, ƙaurin fetur da zafin inji suka hana kowa zama kujerar baya.