Da Za a Ba Ni Zaɓi, Mararraba Zan Fara Gyarawa

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamin makaranta ne, shekara biyu ke nan ina zuwa aiki a keke, kilomita bakwai zuwa, bakwai dawowa. Mu masu keke mun samu damar kai kokenmu gaban hukumar kula da tituna, aka ce mu rubuto abu uku da muke so a gyara. Tun daga ranar muke ta musu. Wasu sun ce a ja mana layi da fenti, wasu fitilu suke so, wasu wurin ajiya. Kai da ka daɗe a kan sirdi, me za ka sa a farko?

AMSA: Yauwa Malam, sannu da ƙoƙari. Kafin komai dai ka roƙi abokanka su bar maganar fenti, kada su ɓata kuri'arsu a kansa. Fenti ba ya tare mota. Na shekara goma sha ɗaya ina bin wani titi mai layin keke, fari tas, har da hoton keke an zana a ƙasa, amma ban taɓa bin sa daga farko zuwa ƙarshe ba tare da na fita na kauce wa motar da aka ajiye a kai ba. Mai sauke kaya nan yake tsayawa, mai amsa waya nan yake fakawa. Kuma wannan fitar da kake yi ka shiga cikin motoci ba shiri ta fi a ce tun farko tare kuke tafiya haɗari. In za a raba hanya, a raba ta da abin da taya ke jin tsoro: dakalin siminti, ko turakun ƙarfe.

Amma ko wannan ba shi zan sa a lamba ɗaya ba. Mararraba zan sa.

Ka lura da kanka gobe da safe. A miƙaƙƙen titi hankalinka kwance yake, kana taka feda kana tunanin darasin da za ka koyar. Da ka hango mahaɗa sai ka ji yatsunka sun koma kan birki da kansu. Jikinka ya riga ka sanin inda matsalar take. Kuma abin haushi, daidai nan ne layin keke yake ɓacewa, kamar wanda ya zana shi ya ce daga nan kuma Allah ya kiyaye.

Wata Talata na tsaya a danja, gefen wata tirela. Aka ba da hannu, ni zan miƙe, shi kuma zai karya kwana ta ɓangaren da nake. Kan motar ya wuce ni lafiya lau, sai na ga jikinta yana matsowa yana cinye ɗan filin da ke tsakanina da bakin titi, don tayoyin baya na doguwar mota ba sa bin sawun na gaba, yanke suke yi ta ciki. Na diro na ja keken kan dakali. Tayar bayana ta lanƙwashe kamar an taka kwano. Direban bai ma tsaya ba, kuma na yarda bai gan ni ba: daga kujerarsa akwai wurin da madubi ba ya nunawa, ni kuwa a nan na je na tsaya. Wannan matsalar ce ta sa tun 2021 Landan ta fara hana manyan motoci masu nauyin fiye da tan 12 shiga sai da takardar izini, bisa la'akari da yadda direba ke iya ganin abin da ke kusa da shi.

Mutanen Holan sun yi wa mararraba dabara mai sauƙi. Suna gina ɗan tsibirin siminti a kowace kusurwa, ya tilasta wa mota ta rage gudu kafin ta juya. Mai keke yana jira a gaba da motoci, inda kowa ke ganinsa, sannan hanyar da zai tsallaka an ja da ita gefe kamar tsawon mota ɗaya. Kafin direba ya iso wurin ya riga ya juya, yana kallonka ta gilashin gaba, ba ta madubi ba. Kada ka ɗauka da haka aka haife su. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunan ƙasar, fiye da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kashe yara, ga matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara, sannan gwamnati ta fara sauraro.

Na biyu, hanya ta haɗu da 'yar'uwarta. Gutsure nan, gutsure can, aikin banza ne, don mutum ba ya auna tafiyarsa da inda ta fi daɗi, da inda ta fi ban tsoro yake auna ta. Birnin Sebiya na Sifen ya gane haka, ya shimfiɗa kimanin kilomita 80 masu haɗe da juna a tsakanin 2006 da 2007, masu hawa keke suka ninka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Inda titi ya yi ƙunci ba za a iya rabawa ba, sai a rage gudun motoci. Faris ta mayar da yawancin titunanta kilomita 30 a awa a 2021.

Na uku ba shi da farin jini wajen masu yanka kyalle a bikin buɗewa: shara da cike ramuka. Duk fasasshen kwalba, yashi da ƙusa, tayar mota gefe take turo su, wato inda muke bi. Rabin facin da na yi a rayuwata daga nan ne. Ga murfin magudanar ruwa da ake ɗora shi tsagoginsa na bin tsawon titi, daidai faɗin taya. A juya shi kawai, ba ko kwabo.

Da an ba ku na huɗu da na ce a yi koyi da Kopenhagen, babban birnin Denmark, inda aka saita danjojin wasu tituna yadda mai tafiyar kilomita 20 a awa zai yi ta samun kore ba ya sauke ƙafa. Amma wannan kwaɗayi ne, a fara tsira da rai tukuna.

Kafin hukuma ta motsa, ka bar tazarar mita guda tsakaninka da motocin da aka ajiye, ko da na baya zai yi ta hon. Ƙofar mota ba ta sallama. Shi ya sa a 2022 Birtaniya ta sa a ƙa'idojin hanyarta cewa direba ya buɗe ƙofa da hannun da ya fi nisa da ita, don jikinsa ya juya ya waiwaya dole.

TAMBAYA: An sace mini keke biyu a ƙofar wurin aiki cikin shekara ɗaya. Shugabanmu ya ce ba ruwansa. Me zan roƙa? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: Allah ya mayar da alheri, 'yar'uwa. Ba sai an yi miki wurin ajiya irin na tashar jirgin ƙasa ta birnin Utrecht na Holan ba, mai ɗaukar keke 12,500. Ki roƙi lanƙwasassun bututun ƙarfe da aka dasa cikin siminti, a wurin da mai gadi ke gani, ba bayan gini ba. Ki ƙi irin ƙarfen nan mai riƙe tayar gaba kaɗai. Ɓarawo kwance tayar yake yi ya bar miki ita ya tafi da sauran. Ki nuna wa shugaban cewa filin mota ɗaya yana ɗaukar keke takwas zuwa goma, sau da yawa wannan lissafin ya fi roƙo shiga kunnensu. Ke kuma ki sayi makulli na ƙarfe mai kauri, ba siririyar waya ba, ki zura shi ta jikin keken da tayar baya tare. Lambar jikin keken yawanci tana ƙasa, tsakanin feda biyu: ki kifa shi yau ki ɗauki hotonta, don ta zama shaidarki in an sace shi.