Babur ba burki: yadda ƙungiyar Belle Vue ta Manchesta ta kusa shekara ɗari tana tsere

Tambaya: Ni makanikin babur ne a Zariya. Na sha ganin bidiyo a waya na wasu Turawa huɗu suna tsere a da'ira, suna shan kwana a karkace, ƙasa na tashi a bayansu. An ce mini baburan ba su da burki, kuma wai a Manchesta akwai wata ƙungiya Belle Vue da ta fi kowace daɗewa a wannan wasa. Shin gaskiya ne? In haka ne, me ya sa ba a jin sunanta kamar United da City?

Amsa: Malam, wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Wasan shi ne Turawa ke kira speedway, ni kuwa na fi son in ce masa tseren zamiya, don zamiyar ita ce wasan gaba ɗaya. Tunda kai mai sana'a ne, bari mu fara da ƙarfen kafin mu shiga tarihi.

Injin silinda ɗaya ne mai cc 500, kusan ninki biyar na Boxer ɗin da kake kwancewa kullum. Ba ya shan fetur, metanol yake sha. Giya ɗaya ce tal, burki kuwa babu ko na kwabo, kuma dokar wasan ce ta hana sa shi. Nauyin babur ɗin bai kamata ya gaza kilo 77 ba. Mahayi huɗu ke jeruwa a bayan zare, zaren ya ɗaga sama, su saki kuloci, su yi zagaye huɗu ta hannun hagu, cikin kamar minti ɗaya an gama. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. In an zo kwana, mahayi ba ya rage totur yadda hankali zai ba ka. Jefa tayar baya yake yi waje, ta riƙa kartar ƙasa a gicciye, wannan kartar ce ke rage masa gudu ta kuma juya shi. Ƙafarsa ta hagu tana sanye da takalmin ƙarfe yana jan ta a ƙasa. A wasan lig kowace ƙungiya na da mahayi bakwai, a yi tsere goma sha biyar a dare ɗaya, a tara maki.

Riƙe wannan a ranka: wasan da ba burki, faɗin fili da yanayin ƙasarsa su ne komai. A matsattsen fili, wanda ya riga kowa zuwa kwanar farko ya gama cin tsere, sauran sai bin sahu. A mai faɗi kuwa, na baya na iya zagayowa ta bakin shinge ya wuce. Shi ya sa duk wanda zai ba ka labarin Belle Vue, in ya san abin da yake yi, labarin filaye uku zai ba ka.

Daga Ostireliya wasan ya shigo Ingila. Taron da aka fi ambata a matsayin mafari shi ne na High Beech, kusa da Landan, ranar 19 ga Fabrairu 1928, kuma kafin shekarar ta ƙare filaye sun bazu ko'ina kamar wutar daji. A watan Yulin wannan shekara aka fara tsere a Belle Vue, a unguwar Gorton, cikin filin tseren karnuka na titin Kirkmanshulme. Zaman bai yi nisa ba. A 1929 aka koma wani fili da ke titin Hyde, cikin harabar babban wurin shaƙatawa na Belle Vue, inda akwai gidan namun daji da lilo da ɗakunan rawa da dambe. Nan ne sirrin farko. Yawancin ƙungiyoyin Ingila 'yan haya ne a filin karnuka, an matse musu hanya a cikin ta karnukan. Ita kuwa Belle Vue fili aka shirya mata na kanta, zagayensa mita 382, mai faɗi, mai ɗaukar mutum wajen dubu arba'in a rumfunan katako. Magidanci zai kwashi iyalinsa ranar Asabar su ga giwa da rana, da dare su shiga kallon babura. Ana kiran ƙungiyar Aces, daga sunan katin karta mai ɗigo ɗaya, kuma hoton katin ne a ƙirjin rigarsu har yau.

Shekarun 1930 nasu ne. Sun ci lig ɗin arewacin Ingila a 1930 da 1931, da aka haɗe ƙasar a lig ɗaya kuma suka ɗauke shi sau huɗu a jere, daga 1933 zuwa 1936. Mutanensu na lokacin sun haɗa da Eric Langton da Frank Varey da Bill Kitchen da Max Grosskreutz ɗan Ostireliya. Langton ya kusa zama zakaran duniya na farko: a Wembley a 1936 suka yi kunnen doki da Lionel Van Praag, aka sake musu tsere su biyu, Van Praag ya yi nasara.

Amma abin da ya ba su ikon cewa sun fi kowa daɗewa ba kofi ba ne. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka dakatar da lig, filaye suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Belle Vue ba ta rufe ba. Duk shekarun yaƙin an ci gaba da shirya tsere a filin titin Hyde da duk mahayin da aka samu, wasu ma sojoji ne da suka zo hutu. Wadda ta riƙe ragamar a mafi yawan wannan lokaci mace ce, Alice Hart. A ganina ba a ba ta haƙƙinta a labarin wasan nan. Akwai ƙungiyoyin da su ma a 1928 ko 1929 aka haife su, sai dai kowacce ta taɓa mutuwa ta farfaɗo, wasu sau biyu sau uku. Ita Belle Vue igiyarta ba ta tsinke ba, kuma ba ta taɓa sauka rukuni na biyu ba.

Bayan yaƙi Jack Parker ne tauraronsu. Akwai wata hular zinare da ake karawa a kanta mutum biyu-biyu, ya riƙe ta tsawon lokaci har 'yan kallo suka riƙa ce mata fanshon Parker. Sai kuma Peter Craven, wanda har gobe tsofaffin magoya baya ba sa ambatonsa ba tare da murya ta canja ba. Ɗan Libaful ne, ɗan ƙaramin mutum, tsayinsa bai wuce ƙafa biyar da 'yan inci ba. Saboda ƙanƙantarsa ba zai iya danne babur da nauyi ba, sai ya riƙa rataye jikinsa a gefe kamar zai faɗi, amma ba ya faɗuwa. Ya ci kambin duniya a 1955, ya sake a 1962. A watan Satumba na 1963 Belle Vue ta je wasan sada zumunta a Edinbara. Yana ƙoƙarin kauce wa wani mahayi da ya faɗi a gabansa, ya daki shinge. Bayan kwana huɗu, ranar 24 ga watan, rai ya yi halinsa yana da shekara 29. A wannan shekarar ce ƙungiyarsa ta ci lig, karo na farko tun 1936. Shinge a wancan zamani katako ne ko waya da ginshiƙan ƙarfe. Katifar iska da kake gani a jikin shinge a bidiyo yanzu ta zo ne bayan shekaru masu yawa da asarar rayuka da dama.

Ivan Mauger ɗan Niyuzilan ya iso a 1969. Ba shi da salon burgewa irin na Craven, wasu 'yan kallo ma ba su cika son sa ba don ba ya ba su abin ihu. Mutum ne mai lissafi: ya gyara inji, ya nazarci ƙasa, ya fita daga bakin zare kafin kowa, shi ke nan. Kai da kake makanike za ka fi kowa gane darajar wannan. Daga cikin kambin duniya shida da ya ci, uku yana Belle Vue ya ci su, 1969 da 1970 da 1972, kuma tare da shi ƙungiyar ta ɗauki lig sau uku a jere daga 1970 zuwa 1972. Da ya koma ƙungiyar Exeter, sai 'yan gida suka gaje shi, Peter Collins da Chris Morton. Su biyun nan akasin Mauger ne. Ba su iya tashi da wuri ba, sai dai su biyo daga baya su wuce mutum a kwana, abin da faɗin filin titin Hyde ya koya musu tun suna yara. Collins ya zama zakaran duniya a Chorzów ta ƙasar Folan a 1976, shi da Morton kuma suka ci gasar duniya ta 'yan bibbiyu a 1984. Lig ya sake zuwa a 1982.

Sai dai a lokacin ƙasa ta fara zamewa a ƙarƙashinsu. Gidan namun dajin ya rufe a 1977, sauran wuraren shaƙatawar suka bi baya, filin tsere ya rage shi kaɗai kamar rumfa bayan kasuwa ta watse. Sannan ranar 11 ga Mayu 1985 gobara ta tashi a rumfar katako ta filin ƙwallon Bradford City, mutum 56 suka mutu. Hukuma ta tsaurara dokar filayen wasa, rumfunan titin Hyde kuwa katako ne tun na 1920 da wani abu. Mai filin a lokacin, Stuart Bamforth, ya sayar da shi ga kamfanin gwanjon motoci. Ƙarshen kakar 1987 aka yi tsere na ƙarshe, aka rushe.

A 1988 suka koma inda suka fito shekara sittin baya, filin karnuka, a matsayin 'yan haya. Hanyar mita 285 ce, matsattsiya. Sun ci lig a 1993, a wasan ƙarshe a gidan Wolverhampton, lokacin Joe Screen yana tashe, kuma Jason Crump ya ci kambin duniya a 2004 da 2006 yana sanye da rigarsu. Ban da wannan, shekaru ne na haƙuri. Zaman haya ba ya barin mutum ya zaɓi ranar da yake so ko ya gyara fili yadda yake so.

Wannan ya kawo mu kan rabin tambayarka na biyu. Dalilin da ba ka jin sunansu kamar United da City shi ne wasan kansa ya ja baya a Ingila. A ƙarshen shekarun 1940 dubun dubatar mutane ke cika Wembley don wasan lig na mako-mako. Talabijin ta shigo gidaje, haraji kan kuɗin ƙofa ya yi nauyi, daga baya kuma ƙwallon ƙafa ta kwashe kuɗin tallace-tallace. Uwa uba, ƙungiyoyin ba su mallaki filayensu ba, filayen kuma suna cikin gari inda ƙasa ke da tsada kuma maƙwabta ke ƙorafin ƙara. Ƙungiyar tseren babur ta West Ham ta rufe a 1972, Wimbledon ta tafi, Coventry ta rasa filinta bayan 2016, Wolverhampton da aka haifa shekara ɗaya da Belle Vue ta rasa nata a ƙarshen 2023. Ba rashin iya tsere ne ya kashe su ba, mai gida ne ya ce su tashi. Yau cibiyar wasan tana Folan, can ne kuɗi da cikar 'yan kallo suke. Mahayi ɗaya kan yi wa ƙungiyar Ingila tsere ranar Litinin, ta Suwidin ranar Talata, ta Folan a ƙarshen mako. Shi ya sa Belle Vue da ta saba da daren Asabar yanzu ranar Litinin take wasa.

Chris Morton, wanda ya taso a tseren filin titin Hyde, yana cikin waɗanda suka sayi ƙungiyar daga baya, shi da David Gordon suka yi shekaru suna bin majalisar birnin Manchesta a gina sabon fili. Aka gina shi a titin Kirkmanshulme, jifa kaɗan daga filin karnuka, mita 347, an kwaikwayi faɗin tsohon filin titin Hyde. Ranar buɗewa a watan Maris 2016 ta zama abin kunya: jama'a sun cika, aka shirya gasar tunawa da Craven, mahaya suka duba ƙasar kwana ta uku da ta huɗu suka ce ba za su hau ba, ta yi laushi. Aka sallami mutane ba a yi tsere ko ɗaya ba. Asarar da ta biyo baya ta durƙusar da masu ƙungiyar, kafin kakar 2017 sai da ta koma hannun wasu. Wanda ya shuka bishiyar bai sha inuwarta yadda ya so ba.

Filin dai ya gyaru, har mahaya da yawa na cewa babu kamarsa a Ingila wajen samun hanyar wuce abokin karawa. A can Birtaniya ta ci gasar ƙasashe ta duniya a 2021, rabonta da irin wannan tun 1989. A 2022 Belle Vue ta doke Sheffield a wasan ƙarshe ta ɗauki lig bayan shekara 29, Mark Lemon na jagora, Brady Kurtz na kyaftin, ta kuma maimaita a 2024 a kan Leicester. In kana neman wanda za ka kalla a waya, nemi Dan Bewley a wannan fili, ka lura da yadda yake barin layin ciki ya tafi can bakin shinge inda ƙasa ta taru, tayar baya ta samu abin kamawa.

Filin karnukan da suka bari kuwa, an rufe shi a 2020, aka rushe, aka gina gidaje a wurin.