Injin da ake sarrafawa daga nesa ya tsaya: za a iya shiga wurinsa?

Tambaya: Injiniya, ina aiki a sashen gurza na wata masana'antar zubin ƙarfe. An kawo mana hannun inji da ake sarrafawa daga cikin ɗakin gilashi, shi ke yanke rarar ƙarfe yana gurza abin da aka zuba. Manya sun ce haɗari ya ƙare, amma idan ƙarfe ya maƙale ni ake turawa in gyara, a ce ai injin a tsaye yake. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, kana da gaskiya da hankalinka bai kwanta ba. Amfanin injin ba abin musu ba ne, domin ya raba hannun ma'aikaci da girgizar da ke kashe jijiyoyin yatsu, ya kuma nisanta fuskarsa da dutsen gurza idan ya fashe. Tun farko ma irin wannan aiki aka ƙera waɗannan injuna dominsa: Unimate, mutum-mutumin masana'anta na farko, ya fara aiki a 1961 a kamfanin General Motors yana ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan magana ta "ai a tsaye yake", wadda kusan kullum sai na ji ta. Injin da ya tsaya ba matacce ba ne, jira yake yi. Wataƙila umarni yake jira daga mai riƙe da sandar sarrafawa, wanda ƙura da hasken tartsatsi suka hana shi hango ka ta gilashi, ko kuma wata na'urar ji, mai gane idan wani abu ya tare hanya, ce ta tsayar da shi, da zarar ka janye ƙarfen da ya tare ta sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ko an kashe wuta, matsin man da ke motsa hannun, wanda ke cikin tiyo da tukunyar ajiyar matsi yana nan, kuma hannun da aka bari a sama yana iya saukowa da nauyinsa. A ranar 25 ga Janairu 1979, a masana'antar zubi ta Ford da ke Flat Rock a Amurka, wani ma'aikaci mai suna Robert Williams ya hau ma'ajiyar kaya domin ya ɗauko su da hannu, inji ya buge shi a kai ya mutu nan take.

Na taɓa shiga wata masana'anta na tarar an ɗaure madannin ƙofar shingen da ke kewaye da injin da waya, don kada buɗe ƙofa ya kashe injin a yi asarar minti biyar, alhali a ofis takardun kariya suna cike da sa hannu da hatimi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin takarda ba ta tare ƙarfe.

Kafin ka taka ƙafa ciki, a sauke hannun injin ƙasa ko a tokare shi, a kashe babban makunni, a saki matsin mai da na iska har allurar ma'auni ta dawo sifili. Ka sa wa makunnin kwaɗonka da kanka, makullin yana aljihunka, in ku uku ne kwaɗo uku. Sannan a gwada tayar da injin a gabanka, ka ga ya ƙi tashi. Jan madannin gaggawa bai wadatar ba, tunda kowa na iya sakinsa.

Kada kuma ka yar da takunkuminka na rufe hanci da baki. Ƙurar yashin zubi tana nan a cikin shingen, kai mai shiga kai za ka shaƙe ta, kuma tabon da take yi wa huhu ba ya warkewa. Madarar da wasu ke cewa a sha bayan aiki ciki take tafiya, ba ta wanke huhu. Ka nemi a yi maka hoton ƙirji da gwajin numfashi, ka kuma nemi a ba ka ƙa'idar kulle injin a rubuce kafin a sake tura ka ciki.