Ga mai son zaga Amsterdam shi kaɗai

Malam, ka tambaya ko baƙo zai iya yawon Amsterdam da ƙauyukan kewaye ba ɗan rakiya. Zai iya ƙwarai, kuma kada ka ɗauka wulaƙanci ne in ba wanda ya bi ka. Yawancinmu aikin karɓa-karɓa muke yi, shi ya sa a nan ba a faɗo wa mutum gida kwatsam. Ka buga waya tun saura kwanaki, za a ware maka rana, a dafa maka tuwo. Jama'armu sun fi yawa a unguwar Bijlmer, inda 'yan Gana suka yi kaka-gida, can ma masallacin Taibah yake.

Daga filin jirgin Schiphol zuwa tashar Centraal, jirgin ƙasa bai cika wuce minti 20 ba. Katin banki kake ɗorawa a kan na'ura wajen shiga, ka sake ɗora shi wajen fita. Nan baƙi ke tafka asara: in ka manta na fita, za a caje ka fiye da kuɗin tafiyar. Kuma katin da ka shiga da shi, da shi za ka fita. Shaguna da dama ba sa karɓar tsabar kuɗi.

Abin da ya fi ba mu tsoro a kan baƙo shi ne keke. Jan titin nan da ke gefen hanya na masu keke ne, ba sa tsayawa, ƙararrawa kawai za ka ji a bayanka. In kai ka hau, ka tsallaka layin taragon cikin gari a gicciye, don in ka bi tsawonsa taya kan faɗa cikin ramin ƙarfen ta kayar da kai. Bakin hanyoyin ruwan kuma yawanci ba shinge, da dare ka ja baya.

Inda aka rubuta coffeeshop wiwi ake sayarwa. Unguwar De Wallen da ke dab da tasha ta karuwai ce, mu kauce mata muke. Naman halal kuwa, titin Javastraat cike yake da shagunan Turkawa da 'yan Maroko. In ka ga varken, spek ko ham a jikin leda, alade ne.

Ƙauye mafi sauƙi shi ne Zaanse Schans, mai injinan iska na katako: jirgi zuwa tashar Zaandijk Zaanse Schans, sai tafiyar ƙafa kamar minti 15. Ka je da sassafe kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Volendam da Edam, garin cuku, bas ake hawa. A bayan Centraal kuma jiragen fito na tsallaka ruwan IJ kyauta.

Ka riƙe rigar ruwa ko da rani ne, lema ba ta jure iskar nan. Sannan ka duba lokutan salla tun daga gida: a Yuni magariba takan kai ƙarfe 10 na dare, a Disamba kuwa wajen 4:30 rana ta faɗi.