Muryar da aka rubuta daga zauren malamai: bazarar littafi da bazarar Katsina

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma, ya zafi? Malama, na saurari muryarki. Kin ce littafin 'yan aji huɗu ya rubuta cewa da bazara ƙanƙara ke narkewa, furanni su buɗe, iska ta yi daɗi, yara kuma suka tuntsire da dariya, don su bazarar da suka sani ita ce ta kwana a tsakar gida ana fifita. To yaran nan sun fi littafin gaskiya, kada ki tsawata musu.

Wanda ya fassara ne ya ɗauko lokacin da Turawa ke ce wa sifirin, ba na mota ba fa, ya liƙa masa sunan bazara don kawai watannin sun zo ɗaya, Maris da Afrilu da Mayu. Su sanyi da zafi ke raba musu shekara. Mu ruwa ke raba mana, damina, kaka, rani da hunturunsa, sannan bazara. Wannan fassarar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, har a rediyo za ki ji an ce bazara yau ana nufin sifirin, gobe a ce bazara ana nufin lokacin zafinsu na Yuli. Yaro ya kama wanne? Ki ce musu lokacin tohon ƙasashen sanyi, ya wadatar.

Shi wannan lokacin tohon yana farawa 20 ko 21 ga Maris, ranar da dare da rana ke kusan daidaita a duk duniya, ya ƙare wajen 21 ga Yuni. Dalilin sauyin lokutan kuwa, duniya a karkace take, digiri 23 da rabi. Ki sami lemo ɗaya, tsinken tsire, da tocila. Ki soke lemon daga sama har ƙasa, ki ɗiga biro kusa da cikinsa ki ce nan Katsina, muna digiri 13 arewa, ki ɗiga wani can sama ki ce Landan, digiri 51. A rufe tagogi, yaro ɗaya ya tsaya tsakiya da tocila, wani ya zagaye shi da lemon a karkace. Inda ake ɓata abin shi ne mai zagayen ya riƙa juya kan tsinken yana bin tocila. In ya yi haka ba za a ga komai ba. Kan tsinken ya tsaya yana nuna lungu ɗaya na ajin har a gama zagaye, sai su ga ɗigon Landan wani zubin ya sha haske, wani zubin ya shige duhu, namu kuwa da ƙyar ya sauya. Shi ya sa yinin Landan a Disamba bai cika awa 8 ba, a Yuni ya haura 16, namu kuma daga awa 11 da minti 20 ne zuwa kusan 13.

Kuma don Allah kada wani ya sake gaya wa yara wai duniya ce ke matsowa kusa da rana. Farkon Janairu ta fi kusa, kilomita miliyan 147, muna cikin hunturu muna jin wuta. A Yuli ta fi nisa, miliyan 152. In kusanci ne, me ya sa Afirka ta Kudu sai Satumba nasu tohon ke farawa? Ai duniyar ɗaya ce.

Bukukuwa kuma, a Iran akwai Nauruz, sabuwar shekararsu, ranar daidaituwar nan take kamawa, kwana 13 ana yi, a jera abu bakwai masu farawa da harafin sinun a kan shimfiɗa. Indiya suna da Holi, galibi a Maris, a yi ta watsa wa juna garin kala. Japan ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu iyali ke fita su zauna gindin itatuwa masu fure su ci abinci. Masar akwai Shammun Nasim, Litinin ɗin da ke bin Istar Kiristocin Kibɗawa, Musulmi da Kirista duk suna fita, a ci kifi mai gishiri da ɗanyar albasa da dafaffen ƙwai. Ita Ista ta yawancin coci tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu take faɗowa. Za su tambaye ki ina namu. Hawan Sallah da Sallar Gani ta Daura wata suke bi, kowace shekara suna ja baya da kwana 10 ko 11, shi ya sa ba su da lokacin zama. Abin mamaki Rabi'ul Awwal ɗin ma, rabi'u a Larabci sunan wannan lokacin tohon ne, amma bar wannan, zai rikita su.

Ki fita da su waje su ga tamu bazarar. Ana sharar gona, ana kai taki, masu binne sun fara zuba iri cikin busasshiyar ƙasa, mangwaro ya cika kasuwa, shamuwa ta fara sauka kan dogayen itatuwa, alamar damina ta ƙarato. Ki nuna musu gawo, shi da ruwa ya sauka yake kakkaɓe ganye.

Sai inuwa. Wajen 24 ga Afrilu rana ke tsayawa tsaf bisa kan Katsina. A kafa sanda, a saita ta da zare da ɗan dutse irin yadda magina ke yi, don in ta karkace ko kaɗan inuwa ba za ta ɓace ba. Ƙarfe sha biyu za a duba? A'a, sha biyu da rabi, agogonmu ya riga ranar Katsina da kusan rabin awa. Minti goma ya isa, zafin Afrilu na kai digiri 40, kowa ya sha ruwa kafin a fita. In hazo ya hana, a jira wajen 18 ga Agusta ta sake dawowa, sai dai lokacin hadari na iya rufe ta.